Inda Nauyi Ke Sauka

Tsakanin kan mota da tirelar da yake ja, kan ne mai farin jini. Shi ake wankewa, shi ake yi wa ado da rubutu a goshi, shi yara ke bi da kallo in ya ratsa Tawa ya miƙi hanyar Agadas. Ɗan kwangilar da ya tashi sayen motar da za ta riƙa kai masa katafila wurin aiki sai ya yi makonni yana shawara a kan kai: Actros za a ɗauko ko Kerax, ko kuwa Howo ta ƙasar Sin da kayan gyaranta suka cika kasuwa, doki nawa ne ƙarfin injin, yaya shan mansa, wa ya taɓa riƙe shi. Da an zo kan tirela kuwa, tambaya guda ce. Tan nawa take ɗauka? Dillali ya ce, "Alhaji, wagga ai sittin take ɗauka ba ta ji ba." A yi ciniki, a sallama.

Tambayar ba ta da laifi, amma ba ita ya kamata ta zo farko ba. Tirela ba ta da inji. Aikinta ɗaya ne, ta karɓi nauyi ta rarraba shi, wani kaso bisa kan mota, wani bisa gaturanta, wato ƙarafan da tayoyi ke juyawa a jikinsu, daga nan zuwa taya, daga taya zuwa ƙasa. Ko kilo ɗaya ba ya ɓata a hanya. Abin da mai saye ya kamata ya fara tambaya shi ne, in an ɗora kayan, ina nauyin zai sauka?

Masu amalanke na kasuwar Lahadi ta Tawa sun riga kowa sanin wannan. Amalanke gatari ɗaya gare shi a tsakiya. In sabon yaro ya jibge buhunan hatsi a bayan tayoyi, sai sandunan gaba su tashi, wani lokaci har su ɗaga jakin, a gan shi yana harbin iska. In ya turo su gaba duka, nauyin ya danne gadon bayan dabbar, ba a jimawa ta yi miki. Buhunan ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, mazauninsu ne kawai ya sauya. Wanda ya ƙware yakan daidaita su bisa gatari, ya bar ɗan rinjaye a gaba don jaki ya ji daɗin takawa.

Dogon wuyan nan na tirelar manyan kaya don wannan rinjaye aka yi shi. Ƙarfe ne da ya tashi daga gadon tirela ya yi sama, ya lanƙwasa ya miƙe gaba, ya kwanta a bayan kan mota. A ƙarƙashinsa akwai gajeren turke da ke shiga tsagar wani faranti mai maiƙo, ya kulle. Farantin kuwa bisa gaturan baya aka dasa shi, ya ɗan gota tsakiyarsu ta wajen gaba. Ta haka kaso mai tsoka na kayan ke sauka daidai kan tayoyin da inji ke juyawa, su kama ƙasa da kyau, tayoyin sitiyari ma su samu ɗan rabonsu. Tirelar da aka rataya a ƙugiyar wutsiya akasin haka take yi. Tana danne baya, gaba ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana, kuma in lodin ya karkata baya, da an ɗan taka sai ta fara kaɗa gindi hagu da dama har ta fitar da motar daga titi.

Manoma da ƙananan ƴan kwangila na Amurka sun rage girman wannan dabara ta dace da a-kori-kura. Sukan dasa dunƙulen ƙarfe a tsakiyar bodi, bisa gatarin baya, wuyan tirela ya sauko ya hau kansa. Ƙa'idar da suke bi ita ce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta ya sauka a wurin, alhali ga mai ƙugiyar wutsiya kashi 10 zuwa 15 ake bari. Hotunan irin waɗannan tireloli suna yawo a wayoyin samarinmu, masu waldarmu kuma ba abin da ke gagararsu kwaikwayo. Sai dai a yi lissafi tukuna. Tirela mai tan 10 za ta ɗora wa bodi tan 2 zuwa 2 da rabi. Motocin da ke jan su can, irin su Ford F-350 da Ram 3500, don haka aka ƙera su, wasu ma tayoyi huɗu gare su a baya. Hilux ɗin da muke da ita kimanin tan guda aka yi ta ta ɗauka. Wuyan zai kai nauyin inda aka ce ya kai tsaf, wurin ne ba zai iya riƙewa ba.

Mu dawo ga manya. Shimfiɗaɗɗiyar tirelar da ke ɗauko siminti daga Malbaza ko albasa daga Galmi, gadonta yakan kai kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Ga buhuna wannan ba komai ba ne. Amma injin haƙa mai hannu, matsakaici irin Caterpillar 320, nauyinsa ya ɗara tan 20, tsayinsa kuma ko an naɗe hannun wajen mita 3 ne. In ya hau irin wannan gado an tashi mita huɗu da rabi, alhali dokar hanya mita 4 ta yarda da shi, wayoyin lantarki na cikin gari kuwa ba su san uzuri ba. Abin da ya fi tsayin hatsari shi ne nauyin da ya koma sama. A kwana, ko inda gefen kwalta ya zaizaye taya ɗaya ta faɗa, kayan da ke can bisa su ke kifar da mota. Shi ya sa aka yi mai gado ƙasa-ƙasa, wadda direbobinmu ke kira port-shar, na Najeriya kuma lobed: wuya a sama, gado ya sauko zuwa mita ɗaya ko ƙasa da haka, gatura a can baya.

To, amma sauko da gadon ma ba kyauta ba ne, kuma a nan ne ƙasar Adar ke sa baki cikin cinikin. Aikin da ake kai wa injuna a wajenmu ba kasafai yake bakin kwalta ba. Ko madatsar ruwa ce a cikin kwari, ko hanyar karkara da ake zuba wa jar ƙasa, ko rijiyar burtsatse a wani ƙauye arewa da Barmu ko wajen Takanamat. Ko a zamanin aikin raya karkara na Keita, da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, haka abin yake: katafiloli da taraktoci suna fasa fako a kan tudu, mata kuma, waɗanda su ne mafi yawan ma'aikatan domin maza sun tafi cin rani, suna jidar duwatsu a ka. Kafin inji ya isa irin wannan wuri sai ya sauka gangaren dutse, ya ratsa yashi, ya tsallaka ƙorama, sau da yawa ta inda aka shimfiɗa siminti a ƙasan ƙoramar maimakon gada. Doguwar tirela mai ciki a ƙasa, da kai ya gangara tayoyin baya suna can bisa, sai cikinta ya zauna daram a kan leɓen gaɓa, ba gaba ba baya. In a watan Agusta ne, ruwan da aka yi can nesa, wanda ko hadarinsa ba a gani ba, yana iya iske ta a nan. Mai hankali kafin ya je wurin dillali yakan tura direbansa ya bi hanyar da ƙaramar mota ya dubo inda ya fi muni. Kilomita ɗari na lafiyayyar kwalta ba su da ta cewa. Mita ashirin ɗin nan na bakin ƙorama su za su faɗi tsawon tirelar da tazarar da za a bari tsakanin cikinta da ƙasa.

Haka batun hawa da sauka. Akwai mai matakala biyu a baya, inji ya hau ta bisa gatura. Akwai wadda ake cire wuyan ɗungurungum, gado ya kwanta ƙasa, inji ya tako ta gaba kusan a miƙe. Ta biyun ta fi aminci nesa, domin lokacin da katafila ta kai ƙarshen matakala ta rinjaya, ƙarfe bisa ƙarfe, shi ne lokacin da hantar kowa ke kaɗawa. Sai dai yawancinsu da famfon mai da tiyo suke aiki, suna kuma son ƙasa mai tauri, madaidaiciya. A kan jigawa, in tiyo ya fashe wuya na gefe gado na gefe, kwana ya kama. Ni dai ga mai injin da bai wuce tan 25 ba, aikinsa kuma na daji ne, mai matakala zan ce ya saya, ya nemi doguwar matakala mai kwanciya.

Yanzu ga sittin ɗin dillali. Ba lallai ƙarya ya yi ba. Wataƙila haka masana'anta ta rubuta, kuma ƙarfen zai iya. Amma ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, suna da doka tun Disambar 2005, wadda masu sufuri suka sani da lamba 14. Ta ce gatarin gaba kada ya wuce tan 6, gatura biyu a jere iyakarsu tan 20, uku a jere tan 25, kai da tirela masu gatari shida kuma, gaba ɗayansu, tan 51. Faɗi mita 2.55. Cikin 51 ɗin nan har da nauyin motar kanta. Kai mai gatari uku yakan kai tan 9 ko 10, tirela mai gado ƙasa ita ma wajen haka ko fiye. Abin da ya rage wa kaya bai wuce tan 30 da ɗan kai ba. Katafila D6, mai kimanin tan 20, ta shiga ta fuskar nauyi, ko da yake wuƙar gabanta ta fi faɗin da aka yarda. D8, da ke kusan tan 40, ba ta shiga ta kowace fuska. Ita sai da izini na musamman da ƙarin gatura, wani lokaci ma a kwance wuƙar a ɗauke ta daban. Kuma ko jimilla ta yi daidai, in aka ajiye injin ya yi baya da yawa, sikeli zai nuna gaturan tirela sun haura 25 alhali kai na tafe ba komai. Taku biyu gaba ko baya a kan gado ya isa ya sauya hukuncin. Tarar da dokar ta yanka jika 20 ce a kan kowane tan da ya yi sama ga jigilar cikin gida, jika 60 ga mai tsallaka iyaka, sannan a sauke rarar.

Mai mota yakan ɗauki wannan a matsayin wata ƙofar karɓe masa kuɗi, kuma ban ce ba shi da dalilin zargi ba. Mai ya yi tsada, kuɗin ɗauko kaya bai ƙaru ba, sau da yawa zuwa ne da kaya dawowa wayam, ga shingaye a hanya. In ya ƙara tan goma a tafiya ɗaya, ko ya sayi tirela mai gatari biyu maimakon uku ya huta da kuɗin tayoyi huɗu da birki biyu, ribar a aljihunsa take, yana ganinta. Asarar ce ba ya gani.

An auna ta kuwa. Tsakanin 1958 da 1960, kusa da garin Ottawa na jihar Illinois a Amurka, injiniyoyi sun gina titunan gwaji, suka sa manyan motoci masu nauyi daban-daban suna zagaya su kullum, suna rubuta yadda suke lalacewa. Abin da ya fito har yau shi ake koya wa masu gina hanya. Ɓarnar da gatari ke yi wa titi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa, tsere masa take yi. In an ninka nauyin gatari biyu, ɓarnar ta ninka wajen sau goma sha shida. Gatarin da ya kamata ya ɗauki tan 12, in ya ɗauki 18, ya ci titi kamar gatura biyar. A bisa wannan lissafi, tan 30 a kan gatura biyu ya fi tan 30 ɗin nan a kan gatura uku ɓarna fiye da ninki uku. Kaya ɗaya, direba ɗaya, rana ɗaya. Bambancin gatarin nan ne da aka ce ba a da kuɗinsa.

Mu a nan ba ma bukatar titin gwaji, muna da namu. Hanyar da ta tashi daga Tawa ta bi Tabalak da Abalak ta kai Agadas, wajen kilomita 400, sannan ta zarce Arlit, an yi mata kwalta ne daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, saboda yuraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971, COMINAK a 1978. Duk wani inji da sinadari da ma'adinan ke bukata ta nan ya bi ya hau, abin da aka haƙo kuma ta nan ya sauko ya nufi tashar jiragen ruwa ta Kwatano, tafiyar kusan kilomita 2,000. A kan wannan aka ɗora hatsi da siminti da mai da dabbobi da duk abin da arewa ke ci. Wanda ya bi ta a shekarun 2010 ya san wuraren da direbobi suka bar kwaltar gaba ɗaya suka buɗe tasu hanya a gefe cikin rairayi, domin ta fi sauƙi. A yarjejeniyar da gwamnatin Nijar ta yi da kamfanin yuraniyom na Areva a watan Mayun 2014, sai da aka sa Yuro miliyan 90 na gyaran wannan hanya. Ba zan ɗora wa lodi laifin duka ba. Akwai tsufa, akwai ruwa da zafi, akwai gyaran da ba a yi a kan kari ba. Amma rabon lodi a ciki ba ƙarami ba ne, kuma waɗanda suka biya ba su ne suka ci ribar ba: mai naƙuda da aka ɗauko daga Abalak zuwa asibitin Tawa, fasinjan bas da tafiyar wuni ta zame masa kwana, mai sayen tiyar hatsi a Agadas da kuɗin sifirin ɗin da ya karye ke ɓoye cikin farashinta.

Wannan lissafi yakan tuna mini da gidajenmu. Adar ƙasar cin rani ce, kowa ya sani. Abijan, Legas, Kamaru, Libiya, Aljeriya, babu inda Ba'adare bai taka ba. A gidaje da yawa ɗa guda ne Allah ya buɗa wa a can, to shi ke nan an samu mai sittin. Hatsin bazara shi, kuɗin makarantar ƙanne shi, suna da biki shi, rufin ɗakin da damina ta kayar shi. In wani ya ce abin ya yi yawa, sai a ce ai yana iyawa. Yana iyawa ɗin, kamar yadda ƙarfen tirela ke iyawa. Ba a dai tambayar ina abin ke sauka, alhali yana sauka: a kan jarin da bai taɓa girma ba, a kan matarsa da ƴaƴansa da ke jiran saura, a kan jikinsa da zai dawo da shi gida yana ɗan shekara hamsin kamar na saba'in. Gidajen da na ga sun ɗore su ne waɗanda uba ya zaunar da ƴaƴansa tun da wuri ya yanka wa kowa nasa, har da wanda ke gida yana noma, ko da nasa ɗan kaɗan ne.

A koma ga taya, domin ita ce ke fara kai ƙara. Don gado ya sauko sosai, wasu tirelolin da ake kawowa daga Turai ƙananan tayoyi gare su, masu lamba 17.5. A titunan can ba su da aibu. A nan kuwa ƙaramar taya ta fi babba yawan juyawa a kowane kilomita, ta fi ta ɗaukar zafi, ga watan Afrilu da Mayu da zafin inuwa ma ke haura digiri 40, balle na kwalta. In ta fashe a Tawa ko a Ƙonni, kaya ya tsinke a gindin kaba. Bayan Abalak babu kaba. Mai facin bakin hanya 22.5 da 20 ya sani, su kowace babbar mota ke takawa. Mafi alheri tirela ta yi taya iri ɗaya da kai, safaya ɗaya ta yi wa kowa. Haka sifirin. Mai jakar iska ta fi lallashin kaya da titi, ba musu, amma in ƙaya ko dutse ya huda jakar sai an aiko da wata. Ganyen sifirin na ƙarfe kuwa, in ɗaya ya karye, bakanike a kowane gari zai ɗaure shi ya kai ka inda za a sauya. Gatari ma a nemi wanda kasuwa ta sani, BPW na Jamus ko Fuwa na Sin, wanda za a samu kayansa a Tawa, in ya faskara a aika Sakkwato ta Ƙonni ko Ƙofar Ruwa a Kano. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin a Gaya, da kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, jiran ƙarfe ɗaya daga teku ya zama abin da ke iya cinye kwangila.

Tirelolin da ke zuwa kasuwarmu ko dai kwance ne daga Turai, ko sababbi daga Sin, musamman gundumar Liangshan ta lardin Shandong inda masana'antunsu suka yi yawa. Kowace iri ce, a shiga ƙarƙashinta da tocila. Wurin da za a fara dubawa shi ne gwiwar wuya, inda ya haɗu da gado, domin duk wani rami da aka faɗa a nan yake bugawa. Sabon fenti a wannan wuri kaɗai abin tambaya ne. A kankare a ga ko walda ce aka rufe. Tayar da ta cinye gefe ɗaya tana ba da labarin gatarin da ya lanƙwashe. Turken nan na ƙarƙashin wuya kauri biyu ne a kasuwa, mai milimita 50 da mai 90, kuma dole ya zama bakinsu ɗaya da farantin kai. Tsayin farantin ma dole ya dace da na wuyan. In kai ya fi tsayi, tirela ta ɗaga gaba, gatarin ƙarshe ya sha nauyin ƴan'uwansa. In ya gaza, na farko ya sha. Mutum ya biya kuɗin gatura uku, ɗaya na aiki. Gado kuma a so mai katako a inda sarƙar ƙafar katafila ke takawa, domin ƙarfe bisa ƙarfe santsi ne, musamman da raɓa ko laka.

Abin da ya fi komai araha a cikin wannan ciniki shi aka fi yi wa rowa, wato sarƙar ɗauri da birkin tirela. Ana ganin inji mai tan 20 an ɗaure shi da sarƙa biyu, ɗaya ma an ƙulla ta da waya, wai ai nauyinsa ya isa ya riƙe shi. A tsaye, haka ne. Da an taka birki da ƙarfi, nauyin nan shi ke tura shi gaba, gaban kuwa ɗakin direba ne. Kusurwa huɗu ake ɗaurewa, a sauke hannu ko wuƙa su kwanta a gado a ɗaure su daban, in an ɗan taɓa tafiya a tsaya a sake ɗamewa. Birki kuma, in tukunyar iska ta gatari ɗaya ta fara yoyo, akan toshe tiyonta a ce sai an dawo. Yaron mota ya ce, "Maigida, baya fa ba ta kamawa," a ce masa Allah na nan. A gangaren da ke sauka kwarin Keita, tirelar da ba ta da birki ita ke tuƙa kai, ta tura shi har su naɗe. Yaron motar da ya yi maganar yana ciki, mai amalanken da ke hawowa da jarkokin ruwa kuma yana gefen hanya.

Akwai kuma wanda bai kamata ya saya ba sam. Ɗan kwangila mai inji ɗaya ko biyu, da ba ya motsa su sai in aiki ya ƙare wani ya samu, tirelarsa za ta fi daɗewa a tsaye bisa tafiya. Tayoyi goma sha biyu na tsagewa a rana, inshora da takardu na cin kuɗi, direba na jiran albashi, kuɗin da ya isa gyaran injin da ke kawo abinci yana kwance a bakin gareji don a ce Alhaji na da port-shar. Irin wannan haya ta fi masa. Sai dai in ya tashi hayar, kada ya aika yaro da waya kawai. Ya je ya ƙirga gatura, ya dubi sarƙoƙi, ya faɗi nauyin injinsa na gaskiya da sunan ƙauyen da za a kai shi. In direbobi biyu suka zo, ɗaya ya ce ba matsala a ɗora, ɗaya ya ce sai ya je ya ga ƙoramar tukuna, na biyun zai ɗauka, ko da ya ɗara ɗan'uwansa da jika hamsin.